Kwamfuta Huɗu, Ƙofa Ɗaya

Babu wanda ya ba Kambai sunan Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, ya buga a allon shagonsa da ke unguwar Bosso a Minna da manyan baƙaƙe, ya ƙara buga ƙarami ya manna a bayan keke-napep ɗin maƙwabcinsa ba tare da ya tambayi mai keken ba. Aikinsa na gaskiya buga katin biki ne da kalandar coci, sai gyara hoton fasfo yadda mai ƙuraje zai fito sumul kamar jariri. Amma in ka zauna da shi, kafin ka gyara zama ya gaya maka malaman jami'a a ɓoye suke zuwa wurinsa neman shawara. Rose, wadda yake nema da aure, ta taɓa cin karo da ɗaya daga cikinsu. Fotokwafi ya zo yi.

Ita Rose ɗinki take koyo a Sabon Gari wurin Madam Kafayatu, kuma wahalarta ta zo gangara. An sa ranar firidom, bikin da uwar ɗaki ke miƙa wa kowace 'yar koyo almakashi da tef ɗin awo a gaban jama'a, ta sa mata albarka, ta ce ta sallame ta. Wadda ba a yi wa wannan ba, ko ta iya ɗinki kamar aljana, a wurin ƙungiyar teloli 'yar koyo ce, ba ta da bakin buɗe shago. Rose ta yi shara, ta ɗebo ruwa, ta goyi jikokin Madam, ta sha zagi har ta san wanda ke zuwa kafin ya fito. Abin da ya rage mata kawai ranar ta zo ta wuce lafiya.

Sai bakinta ya ja mata. Suna cin doya a shagonsa ta ce Madam na son a nuna hotunan ɗinkin shago a tibi ranar biki, baƙi su gani.

Kambai ya ajiye cokali. "Tibi ɗaya? Kamar gidan kallon ƙwallo? Rose, ina garin nan da raina kike maganar tibi ɗaya?"

"Ɗaya ta ce."

"Don ba ta san akwai huɗu ba."

Washegari sai ga shi a shagon Madam da jakar laftof a kafaɗa, ba laftof a ciki, don tasa da roba ake ɗaure murfinta, ba ta fita unguwa. Madam Kafayatu na zaune a kan kujerarta ta mulki, tef a wuya, allura a baki. Malam Mamudu, mai sayar da zif da maɓallai a shagon gefe, ya jingina da ƙofa, kamar yadda yake yi duk lokacin da ya hango abin kallo.

"Madam," in ji Kambai, yana zana iska da hannu biyu, "tibi huɗu za mu haɗa, biyu a sama biyu a ƙasa, su zama bango guda. Kowace tibi da kwamfutarta. Wannan ta zana saman hagu, waccan saman dama, haka har ƙasa. Aikin da kwamfuta ɗaya za ta yi tana nishi, huɗu za su gama kafin ki ƙifta ido. Ga furanni na zuba, ga riga na juyawa. Hotunan kuma wuri ɗaya za mu zuba su, memori ɗaya tal, kowace kwamfuta ta miƙa hannu ta ɗiba. A Turai haka ake yi."

"Wato tire ɗaya, mutum huɗu," in ji Malam Mamudu.

"Yauwa. Malam ya gane."

"A gidana dai in aka yi haka, da kuka ake tashi."

"Malam, 'ya'yanka daban, kimiyya daban."

Madam ta cire allura daga baki. Hausarta ta kasuwa ce, kowa "kai" ne a wurinta, mace da namiji. "Injiniya, ni ba na son dogon turanci. Hoto zai fito, ko ba zai fito ba?"

"Madam, zai fito har ki ce a rage."

Ta juya ta auna Rose da ido daga kai zuwa ƙafa kamar za ta yanka mata riga. "Rose, ka ji shi ko? Kai ne ka kawo shi. In ya ba ni kunya a gaban mutane, ba firidom. Ka kara shekara."

Rose ta buɗe baki za ta ce ba ita ta kawo shi ba, ƙafarsa ce ta kawo shi, amma Kambai ya riga ya karɓi wayar Madam yana kwashe hotunan ɗinkinta tun daga buɗe shago: amare, 'yan makaranta, matan zumunta na coci cikin anko, 'yan ƙwallon ƙungiyar masu keke, manyan Hajiyoyi cikin leshi. Yana kwasa yana gogewa daga wayar, yana fito.

"Ka bar mata kwafi mana," Rose ta raɗa masa.

"Kwafi ɓarnar wuri ne. Abu ɗaya, wuri ɗaya, kowa ya ɗiba. Ke dai ki koyi abu."

Kwamfutocin daga wani kafe na intanet da ya mutu a Chanchaga ya kwaso su, masu ƙaton ciki, ɗaya har da gidan zanzaro a bayanta. Tibi kuwa aro ne: biyu daga gidan kallon ƙwallo, ɗaya daga falon yayarsa, ɗaya daga mai aski. Da Rose ta je ganin gwaji, ta tarar shagon ya cika da wayoyi kamar an kifar da tukunyar taliya, maƙwabta sun yi cincirindo a ƙofa, Kambai na tsakiya ya maƙala biro a kunne.

"Ku matsa, iskar bakinku na shiga injin," ya ce. Ya ɗaga yatsa sama, ya sauke shi a kan maɓalli.

Tibi ta saman hagu ta kawo rabin ɗankwalin wata amarya. Sauran ukun suka tsaya baƙi ƙirin.

Aka jira. Mai gyaran takalmi ya koma ya ƙarasa ɗinke silifas ya dawo. Sai ga ƙafar amarya ta dama ta bayyana a ƙasa.

"Ina sauranta?" wata ɗaliba ta tambaya.

"Suna layi," in ji Kambai, kamar mai sanar da albishir. Ya yi bayani cewa da farko da ya sake su, kwamfutocin sun yi ta rubutu a kan aikin juna cikin memori, wannan ta ajiye waccan ta goge. Shi ne ya kafa musu doka: duk wadda ta shiga memori ta kulle ƙofa, sauran su jira a waje sai ta fito. "Tarbiyya na koya musu."

Tarbiyyar kuwa ta kama su da kyau. Kowace kwamfuta na gama zanen ɓangarenta cikin ƙiftawar ido, daga nan sai ta tafi bakin ƙofa ta tsugunna. Zanen ba ya cin komai. Ƙwanƙwasa ƙofa, da jiran a buɗe, da kullewa, da buɗewa, da gaya wa ta baya an fito, su suka cinye ranar. Ma'aikata huɗu, uku kullum suna zaune suna kallon bayan ɗaya.

Rose ta jawo tsohuwar laftof ɗinsa daga ƙarƙashin tebur, ta zare robar, ta danna wani hoto. Nan take ya fito cikakke, kai da ƙafa.

"Ga wannan ma ta iya."

Kambai ya rufe murfin har ya kusa datse mata yatsa. "Wannan aikin ƙauye ne. Ita kaɗai fa take yi. Ina burgewa a ciki?"

"Hoto ya fito. Shi Madam ta tambaya."

"Madam ta tambayi abin da ta sani. Ni zan ba ta abin da ba ta sani ba."

Da ta koma bayan kwana biyu, kwamfutocin sun zama biyar. Ta biyar ɗin, in ji shi, 'yar kamasho ce, irin na tasha: ita za ta riƙa kiran layi, kowa ya san lokacinsa, jira ya ƙare. Abin da bai lissafa ba shi ne ita ma 'yar kamashon sai ta shiga memorin nan ta rubuta wanda ke da layi, kuma ita ma sai ta kulle ƙofa. Sauran huɗun kuma kowace sai ta shiga ta duba ko an kira ta, ta kulle ƙofa, ta ga ba a kira ta ba, ta buɗe ta fito. A da ana jira a yi aiki, yanzu ana jira a ji ko za a jira.

Wannan karon mai gyaran takalmi bai ma taso ba. Daga inda yake ya ɗaga murya: "Injiniya, in kan ya iso ka aiko a gaya mini."

"Kambai," in ji Rose, ta rage murya don kar maƙwabta su ji, "don girman Allah, tibi ɗaya. Shekara fa ta ce. Ka san shekara a shagon Madam?"

"Wutar Bosso ce ba ta da ƙarfi. A zauren biki da janareta za ki ga gudu."

"In bai yi gudu ba fa?"

"Ai an riga an buga."

Ya miƙo mata katin gayyata. Sunayen masu firidom na can ƙasa da ƙananan baƙaƙe kamar tururuwa. A sama, da jan rubutu mai inuwa: Bangon Hoto Irinsa Na Farko, Daga Injiniya Kambai.

Ranar biki zauren ya cika tun kafin la'asar. Sababbin kekunan ɗinkin da iyaye suka saya wa 'ya'yansu na jere a gaba, an ɗaura musu ribon. A kan tebur ga tire da almakasai da tef. Masu firidom na zaune cikin anko, Rose a tsakiyarsu. Mamanta na layi na biyu tare da matan zumunta. A kujerar gaba kuwa uwar biki ce, Hajiya Azumi, babbar 'yar kasuwar atamfa, wadda rabin ɗinkin shagon Madam nata ne da na 'ya'yanta. Mace ce da ba ta dariya a bainar jama'a, ba ta kuma maimaita magana.

Kambai ya shigo a makare don a gan shi, ya karkata hula. Babbar riga ce a jikinsa ta shadda mai kauri, ruwan toka, wadda Rose ta ɗinka masa da hannunta, faɗinta ya isa a yi wa akuya uku rumfa. Yana tafe yana naɗe hannun riga yana saki, yana gaisawa da mutanen da ba su miƙo masa hannu ba. Ya zauna a bayan bangon tibi tsakanin kwamfutocinsa biyar, ya ɗaga wa mai gabatarwa babban yatsa.

"Jama'a a gyara zama," in ji mai gabatarwa. "Abin da ba a taɓa gani ba a Minna, yau za a gani. Hoton farko, uwarmu, Madam Kafayatu."

Rabin gwaggwaron Madam ya fito a saman hagu.

Aka tafa. Aka daina tafawa. Mai gabatarwa ya gai da shugaban teloli. Ya gai da matarsa. Ya gai da masu keke da suka zo daga Bosso, da masu girki, da mai janareta. Sai ga takalmin Madam ɗaya a ƙasan dama.

"Sauran Madam na hanya," in ji wata daga cikin matan zumunta.

"Ta Chanchaga ta biyo, akwai go-sulo," wata ta amsa.

Kafin Madam ta haɗu ta zama mutum guda a bango, an raba shinkafa har layin baya. Madam ta gaskiya ba ta ci ba. Ta juyo a hankali ta dubi Rose, ta ɗaga yatsa ɗaya, ta mayar da shi cinya. Rose ta gane lissafin. Ta sulale ta zagaya bayan tibi.

Zufa ta jiƙa wuyan babbar riga. Kambai na dannawa da yatsa goma.

"Ka ce janareta."

"Janaretan ne ya yi ƙarfi da yawa."

"Kambai."

"Kwantar da hankalinki. Na gano matsalar. Tarbiyyar ce ta yi yawa." Ya naɗe hannun riga. "Zan cire kullen. Ƙofa a buɗe, kowa ya shiga."

"Ba kai ka ce in ka sake su suna goge aikin juna ba?"

"Wancan lokacin ba su saba da juna ba."

Ya danna. Gaskiya kam gudu ya zo. Tibi huɗu suka haska a tare, furanni na zuba, hoto na korar hoto. Zauren ya ɗauki tafi. Kambai ya fito gaban bango ya buɗe hannuwa, rigar ta baje kamar jemage, ya rusuna hagu ya rusuna dama. Shi ya sa shi kaɗai ne bai ga abin da ya biyo baya ba.

Kwamfutocin sun afka memori gaba ɗaya. Wannan na ɗaukar hoto waccan ta musanya shi, ta uku ta ɗora nata a kai, 'yar kamasho na kiran layin da ba mai saurare. Amarya ta fito da farin mayafi a sama, a ƙasa wandon ɗan firamare da safa. Shugaban teloli ya fito da hularsa da tabarau, daga ƙugu zuwa ƙasa zanin anko na matan zumunta. Wani jariri cikin kayan suna ya samu kafaɗar ƙato.

Tafi ya koma dariya. Kambai ya ɗauka ta jin daɗi ce, ya ƙara rusunawa.

"Injiniya, juya," in ji Malam Mamudu daga layi na uku. "Juya ka ga 'ya'yanka a kan tire."

Ya juya. Ya kwasa da gudu, rigar ta harɗe shi, ya tashi, ya faɗa kan maɓallai ya mayar da kulle ana tsakiyar wawaso. Nan kowace kwamfuta ta damƙe abin da ke hannunta ta tsaya jiran 'yar'uwarta ta saki nata. Ta farko na jiran ta biyu, ta biyu na jiran ta uku, haka har zagayen ya dawo kan ta farko. Ba mai saki, ba mai motsi. Furanni suka tsaya a iska. Hoto ya daskare.

Saman hagu rabin fuskar Hajiya Azumi ne, da gwaggwaron leshi da ɗan kunnen zinariya. Saman dama rabin fuskar Malam Mamudu, da hula da gemu, ranar da ya gwada kaftanin sallah. Hancin ma ya haɗu daidai, kamar da gangan. Ƙasan hagu siket ɗin amarya. Ƙasan dama ƙafar namiji ce mai gashi cikin gajeren wandon ƙwallo, ta taka ƙwallo.

Kowa a zauren ya danne dariya da dukan ƙarfinsa. Wata tsohuwa ta cusa bakin mayafi a baki.

Hajiya Azumi ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, ba tare da ta juya ba, "Kafayatu, yaushe na yi gemu?"

"Hajiya, ki yi haƙuri," in ji Malam Mamudu, ya miƙe tsaye da ladabi. "Gemun nawa ne. Amma ƙafar wallahi ban san ta ba."

"Tawa ce," wani mai keke ya ce daga baya. "Ranar da muka ci kofi."

Nan zauren ya fashe. Wayoyi suka fara tashi sama. Hajiya ta waiwaya sau ɗaya tak, wayoyin suka koma aljihu da kansu.

Madam Kafayatu ta miƙe, gwaggwaronta na rawa. "Kashe shi."

Mai janareta ya nufi soket. Kambai ya riga shi, ya baje a kai da rigarsa kamar kaza a kan ƙwai.

"Kar a taɓa. Madam, duk suna riƙe da memori. In aka ɗauke wuta yanzu, hotunan na iya lalacewa gaba ɗaya. Sai an lallaɓa su sun saki."

"Ya lalace mana. Yana cikin wayata."

Kambai ya ƙara bajewa a kan soket. "Madam, ai kwafi ɓarnar wuri ne."

Madam ta ciro wayarta ta shafa, ta sake shafawa. Hoto ɗaya ya rage a ciki, na Kambai, wanda ya ɗauki kansa yana gwada kyamara. Abin da ta faɗa bayan nan da Yarabanci ta faɗe shi, kuma waɗanda suka ji yaren sun sunkuyar da kai.

Aka ce to a rufe bangon. Wata ta ba da mayafin leshi, aka yafa, gemun ya leƙo ta ramukan leshin ya ƙara kyau. Aka kawo ledar tebur, hasken tibi ya ratsa ta, ga maiƙon miya a daidai goshin Hajiya. Hajiya Azumi ta ɗauki jakarta ta ɗora a cinya, alamar da duk Sabon Gari ya san ma'anarta.

Madam ta riƙo hannun jakar da hannu biyu. "Hajiya, ka zauna, don Allah ka zauna. Fasto, yi mana addu'a." Sannan ta jawo Rose ta wuyan anko har kunnenta ya zo daidai bakinta. "In na bude ido na ga gemu nan, gobe da safe ka zo ka yi shara. Shekara."

Faston cocin su Rose mutum ne da in ya fara addu'ar abinci sai an sake ɗumama miya. Rose ta sha yi masa tsaki a zuci. Yau da ya ce a rufe idanu, ji ta yi kamar ta rungume shi.

Ta dubi zauren. Labule babu, tabarma babu. Abu mai kauri da faɗi guda ɗaya ne a wurin, kuma yana kwance a kan soket.

"Cire," ta ce masa ƙasa-ƙasa.

"Me?"

"Rigar."

"Rose, a gaban jama'a?"

"Idonsu a rufe yake."

"Ba ni da komai a ciki sai singileti."

"Ni na san abin da ke ciki, ni na auna ka. Cire."

"Ki ba ni ɗan lokaci, na kusa gano…"

Ta kama rigar ta ƙeya ta zare ta kamar ana feɗe akuya. Ta ɗauki almakashi ɗaya daga tiren da ba a riga an ba ta ba, ta farke gefe da gefe, rigar ta buɗe ta zama shimfiɗa. Ta tsinke ribon ɗin sabon kekenta, ta zauna, ta ninke baki ɗaya don igiya ta samu hanya, ta taka.

Ƙarar keke ta cika zauren. Fasto ya ɗaga murya ya bi ta kanta. Ya yi wa masu firidom addu'a, ya yi wa iyayensu, ya yi wa allura da zare. Da ya fara sassautowa zai ce amin, maman Rose, wadda idonta ɗaya a buɗe yake tun farko, ta ce, "Fasto, ba ka taɓa marasa lafiya ba." Fasto ya koma kan marasa lafiya, na gida da na asibiti.

Rose ta kwanto igiyar rumfar bakin ƙofa ta zura, ta hau benci, mai janareta ya riƙe mata gefe, suka rataya. Shadda ta rufe bangon ruf, haske bai ratso ba. Ta sauko ta ja baya ta duba. Ramin wuyan rigar ya sauka daidai kan haɓa, rabin gemu na leƙowa ta ciki kamar an yi masa taga.

"Matafiya, Fasto," in ji mamanta.

Rose ta fizge hular Kambai, ta baje ta a kan ramin, ta bi gefenta da allura, ɗinki ƙanana a jere. Ta ciji zare daidai lokacin da matafiya suka isa gida lafiya.

"Amin," in ji zauren.

Madam Kafayatu ta buɗe ido. Ba ta dubi Rose ba. Ta taka zuwa bangon, ta kama bakin shaddar ta juya cikinsa, ta bi ɗinkin da babban yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Ta ja hular ta ga ko za ta saki. Ta tsaya nan har Rose ta fara jin ƙamshin tsintsiyar shago a hancinta.

"Hajiya," in ji Madam, "ka ga wani abu?"

Hajiya Azumi ta dubi bangon, ta dubi Kambai da ke rakuɓe a gefe cikin singileti mai huji biyu, ya rungume ƙirji da hannuwa. Ta sauke jakarta ƙasa.

"Na ga riga ta samu aikin da ya fi na da."

Madam ta koma tebur. Ta ɗauki almakashin da Rose ta riga ta yi aiki da shi, ta share zaren shadda daga bakinsa, ta haɗa da tef. "Rose, zo ka durkusa."

Rose ta durƙusa. Madam ta ɗora mata hannu a ka.

"Dinki ya mike. Na sallame ka. Allah ya ba ka kwastoma mai hakuri. Allah ya tsare hannunka daga yanka kayan mutane. Allah ya ba ka miji mai kwamfuta daya."

Amin ɗin da aka yi har kwanon rufin zauren sai da ya amsa, muryar maman Rose a sama da ta kowa. Kambai ma ya ce amin. Bai ji abin da aka roƙa ba, don a lokacin ya tare mai janareta a lungu yana yi masa bayanin cewa da kwamfuta takwas ne, da ba a yi haka ba.